Sauri Ya Haifi Nawa: Ni Da Kwamfutata

Mai karatu, kafin in shiga zancen da ya kawo ni, bari in fara da amsa laifina. Shekara bakwai ke nan ina rubuta littafi ɗaya, har yau ban kai ƙarshensa ba. Duk taron ƙungiya da na halarta sai wani ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ina labarin littafin nan?" Ni kuwa ba na rasa abin fakewa. Da fari na ce aikin makaranta ne, daga baya na ce rashin wuta, da waɗannan suka tsufa sai na ɗora wa rashin kwamfuta. Wannan uzuri na ƙarshe shi ya ci mini kuɗi, shi ne kuma dalilin wannan rubutu, don na san akwai matasa da dama cikinmu da ke tara 'yan kuɗaɗensu da niyyar sayen kwamfutar tafi-da-gidanka. Tambayar da za ta tare su a bakin shago ita ce wadda ta tare ni: a ƙara kuɗi a sayi mai ƙwaƙwalwa mafi sauri, ko a tsaya ga matsakaiciya?

Ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandare da ke ƙasar Maiyama, amma gidana yana Jega, kullum da sassafe nake bin hanyar Koko in sauka, da la'asar in dawo. Albashin malami kowa ya san iyakarsa, saboda haka muna da 'yar gonar albasa a Aliero ni da ƙanena, shi da aiki ni da kuɗin taki. Wanda ya san Aliero ya san albasa ce arzikin garin, ya kuma san cewa mai sayarwa a lokacin kaka, sa'ad da kowa ke fitar da tasa, ba ya cin riba. Sai wanda ya daure ya zuba ta a rudu, ya jure asarar wadda za ta ruɓe, ya jira ƙarshen shekara. A 2022 mun daure, Allah kuma Ya sa mun dace. Da aka yi rabo na ware kashi biyu: ɗaya na kwamfuta, ɗaya na keken ɗinkin da na daɗe ina yi wa uwargida alkawari.

Ranar wata Asabar muka hau mota zuwa Sakkwato, ni da abokin aikina malamin lissafi, wanda shi ma yake neman tasa. A shagon da muka shiga duk kwamfutocin na hannu ne, irin waɗanda aka yi aiki da su a ofisoshin Turai da Amurka sannan aka kwaso su zuwa Legas, daga can su yo Arewa. Mai shagon ya ajiye mana guda biyu a kan tebur. Ɗaya ƙarama ce, mara nauyi, an liƙa mata 'yar takarda mai rubutun Core i5. Ɗayar kuwa babba ce mai faɗin fuska, tata takardar ta ce Core i7. Tsakaninsu akwai bambancin naira 45,000.

Na tambaye shi abin da ya raba su. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Haba Mallam, kai da kaka karantar da yara? Bakwai da biyar wace ta hi yawa? Wagga ita manyan ma'aikata ka riƙewa. In ka kunna ta, kamar jirgi."

Abokina ya ɗauki ƙaramar, ya biya, ya koma gefe yana jirana. Ni kuwa sai na tsaya ina lissafi a zuci. Na ce ai abin da za a saya sau ɗaya gara a sayi mai kyau, araha ba ta ado. Na ce marubuci ne ni, aikina ya fi na mai shigar da makin jarrabawa. Gaskiyar da ban faɗa wa kaina ba a ranar ita ce, ina hango ranar da zan buɗe ta a ɗakin malamai a ga lambar nan ta bakwai tana ƙyalli. Na sa hannu cikin kuɗin keken ɗinki na cika. Da na dawo gida na yi wa uwargida bayani mai tsawo a kan ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To Malam, Allah Ya sa littafin ya fito." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ni ma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ba a yi wata guda ba na fara gane abin da na sayo. In na kunna ta, sai in je in yi alwala in dawo ba ta gama farkawa ba. Batirinta ba ya wuce minti arba'in, alhali a unguwarmu wuta baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta zo, ba ta ban kwana in za ta tafi. Sau da yawa jimla tana bakin alƙalami, fuskar kwamfuta ta yi duhu. Da bazara ta kama, wato watannin Maris da Afrilu da zafin ƙasarmu ke haura digiri 40, sai fankarta ta riƙa kuka kamar injin niƙa, ƙasanta ya yi zafin da ba a iya ɗora ta a cinya. Abokina kuwa yana ta aikinsa da tasa, ya yi awa uku a ɗakin malamai bai nemi soket ba. Ban taɓa tambayarsa ba, shi ma don kara bai taɓa tanka mini ba.

Duk da haka na lallaɓa na juye babi shida daga littattafan rubutu zuwa cikinta. Babi uku na ƙarshe kuwa kai tsaye na rubuta su a kanta, ba su da kwafi ko a takarda. A watan Afrilun 2024, wani dare, na ji tana wani ƙas-ƙas daga ciki, kamar ana taɓa ƙwarya da tsinke. Da safe na kunna ta ƙi tashi.

Akwai wani tsohon ɗalibina da ke karatun kwamfuta a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, yana kuma taɓa gyara a wani ɗan shago kusa da makarantar don ya sami na abinci. Wurinsa na nufa da ita a cikin jaka, kamar yadda mutane ke nufar garin da mai karaya don a yi masa ɗori. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya karɓa, ya kwance bayanta, ya ciro wani ɗan akwatin ƙarfe ya kara a kunnensa. Ya gwada shi a wata na'ura har sau uku, sannan ya ce, "Malam, sai haƙuri. Rumbun ajiyar ne ya mutu. Akwai kwafi a wani wuri?"

Na ce babu. Babi shida na farko suna nan a littattafan rubutu, amma ukun nan da na fi ƙauna, waɗanda na yi watanni takwas a kansu, sun tafi. Na zauna a kan benci na yi shiru. Da na sami bakin magana sai na ce, "Amma fa i7 ce."

Yaron nan bai yi dariya ba, Allah Ya yi masa albarka. Ya ce in ba shi izini ya yi mini bayani da misalin aikina. Ya ce in ɗauka an gama jarrabawa, malami yana zaune zai yi maki. Malamin shi ne firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Teburin da yake baza takardu shi ne abin da ake kira ram: in ya yi ƙanƙanta, dole a riƙa kwashe wasu takardu kafin a ɗora wasu. Sito kuma, inda aka tara takardun duka, shi ne rumbun ajiya, akwai kuma masinja mai kai da kawowa. Ya ce, "To Malam, in malamin yana da saurin walƙiya, amma masinjan tsoho ne mai ciwon ƙafa, yaushe za a gama maki?"

Rumbun da ke cikin tawa irin na da ne, faifai ne na gaske a ciki yana juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, da wata 'yar allura mai bin sa tana karatu. Shi ya sa take nawa wajen tashi, shi ya sa kuma girgizar mota a hanyar Maiyama, da zafi, da ɗaukewar wuta ba shiri suka taru suka kashe shi. Sabon nau'in, wanda ake kira SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa, ya fi sauri nesa ba kusa ba, ya kuma fi jure wahala. Irinsa ne a cikin ta abokina. Ya sa mini ɗan ƙarami a kan kuɗin da bai kai rabin abin da na ƙara a Sakkwato ba. Ya kunna, kafin in gyara zama ta tashi. Kwamfuta ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya, masinja kawai aka sauya.

Daga nan ya buɗe wani shafi da ke nuna yawan aikin da kowane sashe ke yi, ya ce in rubuta abin da na ga dama. Na sa yatsuna biyu na fara. Ya nuna mini layin firosesa: yana kwance a ƙasa, bai kai kashi goma cikin ɗari ba. Ya ce ƙwaƙwalwar nan tana bugawa fiye da sau biliyan biyu a daƙiƙa ɗaya, ni kuwa in na yi ƙoƙari in danna harafi biyu ko uku. Ashe duk tsawon lokacin nan ita ke jirana, ba ni ke jiranta ba.

Abu na ƙarshe da ya nuna mini shi ya fi ba ni kunya. Lambar i7 ba ita ce cikakken sunan ba. Cikakken sunan tawa i7-4600U ne, kuma lambar farko bayan ɗan layin nan ita ke faɗin zuriya. Tawa zuriya ta huɗu ce, ta shekarar 2013. Ta abokina i5-6300U ce, zuriya ta shida, ta 2015. Wato na ƙara kuɗi na sayi wadda ta girmi tasa da shekara biyu. Kamfanin Intel ya fara fitar da i7 tun 2008, kuma ya yi ta sabunta ta a ƙarƙashin suna ɗaya, kamar yadda za a ce Toyota Corolla, alhali ta 1998 daban, ta 2018 daban. Ya ƙara da cewa a cikin kowace firosesa akwai ƙananan ƙwaƙwale masu raba aiki a tsakaninsu, kamar malamai masu raba takardun maki. A irin kwamfutocin ofis marasa nauyi, har zuwa zuriya ta bakwai, i5 da i7 duk biyu-biyu gare su. Daga zuriya ta takwas, wadda ta fara fitowa a 2017, aka mayar da su huɗu-huɗu. Saboda haka i5 ta zuriya ta takwas ta fi i7 ta zuriya ta bakwai ƙarfin aiki. Mai shago ba zai faɗa maka wannan ba, wataƙila ma shi kansa bai sani ba.

Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. A ranar nan dai ni ne a gindin rimi, yaron da na koya wa auna waƙa shi ne a sama.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa saurin firosesa ba shi da amfani. Yana da shi, ga mai buƙatarsa. Wanda ke tace fim, ko mai haɗa bidiyon biki, ko mai zanen gine-gine, ko mai tsara bangon littattafai da manyan hotuna, duk minti ɗaya da injin ya rage masa kuɗi ne, ƙarin da ya biya zai dawo masa. Akwai kuma wata hujja mai ƙarfi: a yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka an like firosesa da dalma a jikin allon, ba ta ciruwa, alhali rumbu da batir, da ram a wasu, ana iya sauya su daga baya. Don haka ba a sayen wadda ta tsufa tuɓus don araha. Amma abin dubawa a nan shi ne zuriya, ba biyar ko bakwai ba. Misali, kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 kulawar da ya saba a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a ƙa'idarsa ba ya karɓar yawancin firosesar Intel da ke ƙasa da zuriya ta takwas. Tawa mai lamba bakwai ba ta cikin lissafi.

Wannan dalili, da kuma 'yata ta fari da ke shirin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta ta, su suka sa na sake komawa kasuwa a ƙarshen 2025. Na yi niyyar bar wa yarinyar tsohuwar ta riƙa koyon danne-danne, don na sha ganin ɗalibai masu ƙoƙari da hannunsu ke rawa a ɗakin jarrabawa saboda ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Kaya sun yi tsada ƙwarai tun bayan cire tallafin mai da faɗuwar darajar naira a 2023, don haka kowace naira sai da na juya ta. Wannan karon da ɗalibina na tafi.

Aka sake ajiye mini guda biyu, kamfani ɗaya, siffa ɗaya, zuriya ɗaya: i5-8350U da i7-8650U. Kowace ƙananan ƙwaƙwale huɗu gare ta. Iyakar gudun ta farko gigahaz 3.6, ta biyu 4.2, kuma wannan iyaka ba a kai mata sai an ɗora wa injin kaya mai nauyi, in kuma ya ɗau zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. A ɗakin da ba fanka a watan Afrilu, bambancin ya zama na takarda. Ƙarin da aka nema a kan ta biyu ya haura naira 60,000. Mai shagon ya fara, "Alhaji, ai bakwai..." Na ce masa na taɓa jin wannan karatun.

Ga abin da muka duba maimakon lamba. Muka tabbatar rumbun SSD ne, ram kuma gigabait 8. Muka cire caja muka bar ta tana aiki muna hira, muna kallon yadda batirin ke sauka. Na zauna na danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, don marubuci da madannai yake rayuwa, harafi ɗaya mai maƙalewa ya isa ya ɓata masa rai shekara guda. Na duba fuskar ko za ta gajiyar da ido, don idona ba na saurayi ba ne. Ɗalibina ya sa mini tsarin madannai na Hausa, ya nuna mini inda ƙ da ɗ da ɓ suke, don in daina rubuta ƙasa ana karanta kasa. Da kuɗin da na ƙi ƙarawa na sayi filash guda biyu, ɗaya a aljihu ɗaya a akwatin uwargida, na kuma buɗe akwatin imel da nake aika wa kaina kowane babi in na gama. Ragowar na haɗa da kuɗin albasar shekarar na sayo keken ɗinki, bayan shekara uku da alkawari. Da aka sauke shi a tsakar gida ta shafa shi ta ce, "Malam, wannan lamba nawa ne, biyar ko bakwai?" Ashe ba ta manta ba.

Wani lokaci in na wuce mararrabar da ke zuwa Gwandu sai in tuna Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a ƙasar nan tamu ya wallafa littattafai masu yawa da alƙalamin kara da tawada, ga hidimar jama'a a wuyansa. In tuna Abubakar Imam da ya rubuta Magana Jari Ce a shekarun 1930, ba wuta ba kwamfuta. In tuna marubutanmu na Kano na shekarun 1990, maza da mata, da suka riƙa cika littattafan makaranta da biro, su kai wa mai tafireta, su bi maɗaba'a da ƙafa, su kai kasuwa da kansu. Ba ina cewa mu koma can ba ne. Kwamfuta ni'ima ce, ta sauƙaƙa gyara, ta rage kuɗin mai buga rubutu, ta sa ana aika littafi Kano ko Zariya ba a hau mota ba. Abin da nake cewa shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah da jinkirin kayan aiki ya hana shi gamawa, ni kuma saurin kayan aiki bai sa na gama ba.

Saboda haka ɗan'uwa mai shirin saye, ka zauna ka tambayi kanka abin da ke tsayar da kai a zahiri. In wuta ce, sa kuɗinka a batir ko 'yar sola. In tsoron asara ne, sayi filash, ka kuma saba da yin kwafi tun kafin ka ji ƙas-ƙas ɗin da na ji. In yatsu ne, nemi mai koya maka bugu da yatsu goma, wannan zai ninka saurinka fiye da kowace firosesa. In ka je shago ka nemi a nuna maka cikakken sunan ƙwaƙwalwar a cikin injin, kada ka yarda da takardar da aka liƙa, ka kuma tafi da wanda ya sani ko da ɗan cikinka ne. In kuwa aikinka rubutu ne da karatu da shigar da maki, matsakaiciya 'yar zuriya ta takwas ko sama da haka ta ishe ka har ta yi saura.

Babi ukun nan na sake rubuta su. Biyu sun fi na da kyau, ɗaya kuwa har gobe ina jin bai kamo ƙafar wanda ya ɓata ba, akwai wata hira tsakanin uwa da ɗanta da na kasa dawo da ita yadda take. Yanzu ina babi na goma sha biyu cikin goma sha biyar. Nakan tashi bayan sallar asuba in yi awa ɗaya kafin in fita neman motar Maiyama, shafi ɗaya a rana, wata rana rabi. Kwamfutar tana tashi cikin 'yan daƙiƙu, ta buɗe farin shafi, ta zuba mini ido. Duk wanda ya sake tambayata labarin littafi a taro mai zuwa, ba ni da sauran wanda zan ɗora wa laifi. Allah Ya ba mu ikon gama abin da muka fara, amin.